Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Alfarma Sarkin Musulmi a Kan Zaɓe da Sauya Halittar 'Ya'yan da Ba a Haifa Ba

Zuwa ga Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammadu Sa'ad Abubakar na Uku, Shugaban Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci a Nijeriya, kuma Shugaban Jama'atu Nasril Islam.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ta cancanci mai riƙe da amanar gidan Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, tare da addu'ar Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da basira, ya ja zamaninsa cikin aminci, ina neman izini in gabatar da wata mas'ala wadda har yanzu ba a cika jin ta a zaurukan malamanmu ba, alhali kuwa ta riga ta iso bakin ƙofarmu, kuma idan ba mu tarye ta da ilmi da natsuwa ba, to, za ta shigo ne bisa sharuɗɗan masu sayar da ita da masu ƙarfin saye. Mas'alar ita ce ikon da likitocin wannan zamani suka samu na karanta abin da ɗa zai gada daga iyayensa tun ba a haife shi ba, da zaɓen wanda za a haifa daga cikin 'yan tayi, har ma da sa hannu a sauya abin da yake rubuce a cikin ƙwayoyin halittarsa.

Ban ga wanda ya fi dacewa a kai wa wannan kuka ba sai kai, Allah ya ba ka nasara, domin gidanku bai taɓa raba maslahar addini da maslahar jiki ba. Kakanka Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin mulki da yaƙi da ke wuyansa, ya zauna ya wallafa risaloli a kan ilmin ɗibbu, har da ciwon ido da ciwon basir, kai kuma a naka zamanin ka tsaya a gaban sarakunan Arewa har jama'a suka sake sakin jiki da rigakafin shan inna bayan sun juya masa baya.

Abin da ya ɗaure mu da wannan mas'ala fiye da sauran al'ummai shi ne amosanin jini, wanda aka fi sani da sikila. Ƙiyasin da hukumomin lafiya suke ambata shi ne ana haihuwar jarirai wajen 150,000 kowace shekara a Nijeriya da wannan ciwo, adadin da ya sa ƙasarmu a gaba a duniya, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da rabin gadonsa, wato abin da likitoci suke kira AS, ba tare da ya ji komai a jikinsa ba. Idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki da aka samu yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, wato cikakken ciwon, kuma lissafin yakan koma sabo ne a kowane ciki, ta yadda gida ɗaya zai iya haifar masu ciwon uku a jere, wani gidan kuwa ya haifi shida bai ga ko ɗaya ba. Duk wanda ya taɓa ganin jariri hannuwansa da ƙafafunsa sun kumbura yana tsala ihu, ko uwar da ta kwana tana gasa wa yaronta gaɓoɓi da ruwan ɗumi a tsakiyar hunturu, ko uban da ya sayar da akuyar gida domin a ƙara wa 'yarsa jini, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan dalilin da zai sa iyaye su ruga da gudu zuwa ga duk wanda ya ce zai raba zuriyarsu da wannan wahala. Shekaru aru-aru ana jingina mutuwar irin waɗannan yara ga wabi ko maita ko iskoki, ana zargin kishiyoyi da maƙwabta, har Allah ya kawo ilmin da ya bayyana sababin. Wannan ilmi ni'ima ne, kuma ba na cikin masu cewa a rufe masa ƙofa. Abin da nake roƙo shi ne a bambance tsakanin matakansa, domin matakai uku ne, kuma hukuncin ɗaya ba zai zama hukuncin sauran ba.

Mataki na farko shi ne gwajin jini kafin aure, wanda ya riga ya zama ruwan dare a garuruwanmu. Saudiyya ta wajabta shi tun 2004 saboda sikila da wani ciwon jini ɗan'uwanta, Jihar Kano kuma ta mai da shi doka a 2024, tare da gwajin ƙanjamau da ciwon hanta. A nan babu ɗan tayin da aka taɓa, babu ran da aka hana zuwa bayan ya fara samuwa, mutum biyu ne baligai aka ba su sani domin su yi shawara da idonsu a buɗe, kuma wannan riƙo da sababi ne wanda ba ya kore tawakkali, kamar yadda Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba, bai kuma ga hakan a matsayin gudun ƙaddara ba. Sai dai yadda muke yin gwajin yana bukatar gyara, domin yawancin mutane ba sa zuwa sai an kai kuɗin gaisuwa, an sa rana, an haɗa lefe, zukata sun riga sun ɗauru, wanda shi ne yake tura wasu zuwa neman takardar ƙarya. Da a ce kowane yaro ya san rukuninsa tun yana makarantar allo ko firamare, da an rage hawaye an kuma rage ha'inci. Haka nan wajibi ne a tsare mutuncin masu SS, musamman 'yan mata, waɗanda aka fara mayar da su abin gudu, alhali kuwa idan mai SS ta auri mai AA, wato wanda ba ya ɗauke da gadon, ba a tsoron su haifi mai SS.

Mataki na biyu ya fi na farko zurfi, kuma shi ne yake bukatar ijtihadin malamai da gaggawa. Tun da aka haifi Louise Brown a Ingila a 1978, jaririya ta farko da aka haɗa ƙwan mahaifiyarta da maniyyin mahaifinta a ɗakin gwaji, likitoci suka ci gaba da bincike har a 1990 wasu masana a asibitin Hammersmith na Landan suka nuna cewa za a iya ɗibar ƙwaya daga jikin ɗan tayi mai 'yan kwanaki, a duba gadonsa, sa'an nan a mayar da wanda aka ga lafiyayye cikin mahaifa. Yau ana yin wannan aiki a wasu asibitoci masu zaman kansu a Legas da Abuja bisa miliyoyin naira, kuma ma'aurata masu AS suna cikin manyan masu nemansa. Majalisun fiƙihu na duniya sun riga sun yi magana a kan gefunan mas'alar: Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta halatta wannan hanyar haihuwa a zamanta na birnin Amman a 1986, bisa sharaɗin ƙwan da maniyyin su zama na miji da matarsa, a kuma mayar cikin mahaifar ita matar, domin kiyaye nasaba, sa'an nan a 1990 ta yi horo da kada a haɗa fiye da adadin da ake bukata.

Ra'ayin da zuciyata ta natsu da shi, wanda nake miƙa shi ga malamai su auna, shi ne zaɓen ɗan tayi domin kauce wa cuta mai tsanani wadda likitoci amintattu suka tabbatar yana shiga babin tunkuɗe cuta, kuma ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan a bari ciki ya zauna sa'an nan a gwada a zubar. Mu mabiya Malikiyya ne, kuma mashhurin mazhabarmu, kamar yadda Shaihu Dardiri ya tabbatar a sharhinsa na Muhtasar, ya hana fitar da abin da ya zauna a mahaifa ko da bai kai kwana 40 ba. Gaskiya ne Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yi rangwame a 1990 a kan cikin da bai kai kwana 120 ba idan kwamitin ƙwararrun likitoci ya tabbatar da mummunar naƙasa wadda ba ta da magani, amma ban ga yadda za a shigar da sikila cikin wannan rangwame ba, alhali masu ita suna rayuwa, suna haddace Alƙur'ani, suna zama likitoci da alƙalai da iyaye, idan dai sun samu kulawa.

Inda tsorona yake, ranka ya daɗe, shi ne kayan aikin da suke gane SS su ne kuma suke gane namiji da mace, kuma ƙofar da aka buɗe wa larura ba ta daɗewa sha'awa take biyo ta. Mun san yadda ake guɗa a wasu gidajenmu idan an haifi namiji, da yadda fuskoki suke canzawa idan mace ce ta biyar, da yadda ake yi wa matar da ba ta haifi magaji ba gori kamar ita ce mai rabawa. Ƙasar Indiya ta ɗanɗana ƙarshen wannan hanya, inda na'urar hoton ciki ta zama sanadin zubar da cikin 'ya'ya mata har adadin maza ya rinjaya a wasu jihohi, sai da hukuma ta kafa doka a 1994 ta hana likita ya faɗa wa iyaye jinsin abin da ke ciki. Alƙur'ani mai girma ya sanar da mu a Suratush Shura cewa bayar da mata ko maza kyauta ce wadda Ubangiji ya keɓe wa kansa, ya kuma yi tir da mutanen Jahiliyya masu baƙin ciki da haihuwar mace har su turbuɗe ta a ƙasa. Wanda ya ware 'yan tayi mata ya yar domin kawai mata ne, hannunsa bai taɓa ƙasa ba, amma zuciyarsa ita ce waccan zuciyar. Saboda haka ne Majalisar Makka a 2007 ta taƙaita zaɓen jinsi ta hanyar likita ga larurar cututtukan gado masu bin jinsi ɗaya. Bayan jinsi kuma akwai sauran abubuwan sha'awa, domin a Amurka an sami kamfanoni masu yi wa iyaye alkawarin jera musu 'yan tayi bisa hasashen tsawo ko kaifin basira, ko da yake ƙungiyoyin masana ilmin gado sun yi gargaɗin cewa hasashen mai rauni ne, tun da irin waɗannan siffofi dubban ƙwayoyi ne suke haɗuwa a kansu tare da abinci da tarbiyya. Al'ummar da 'yan matanta suke ƙona fatarsu da mayukan bilicin domin neman fari, ba sai an yi duba ba kafin a san abin da wasu daga cikinta za su nema ranar da aka ce ana iya zaɓen launi.

Mataki na uku shi ne sa hannu a sauya rubutun halitta kansa. A 2012 wasu mata biyu masana, Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier, suka bayyana hanyar da ake kira CRISPR, wadda take yanka zaren gado a daidai wurin da aka nufa, aka kuma ba su lambar Nobel a kanta a 2020. A nan ma dole a raba abu biyu. Na farko shi ne gyara jikin majinyacin da yake raye: a ƙarshen 2023 hukumomin Birtaniya da Amurka suka amince da maganin sikila mai suna Casgevy, inda ake ɗibar ƙwayoyin da suke haifar da jini daga jikin mai ciwon, a gyara su yadda za su koma yin irin jinin da jariri yake da shi a ciki, sa'an nan a mayar masa. Wannan magani ne kamar sauran magunguna, yana tsayawa a jikin wanda ya yarda aka yi masa, ba ya wucewa ga 'ya'yansa, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurce mu da neman magani. Babban aibinsa a gare mu shi ne kuɗinsa, wanda aka sa a kan dala miliyan 2.2 ga mutum guda a Amurka a 2023, ta yadda ƙasar da ta fi kowa masu ciwon tana cikin waɗanda suka fi kowa nisa da shi.

Na biyu kuwa shi ne gyara ɗan tayi tun yana ƙwaya, wanda sauyinsa zai bi shi, ya bi 'ya'yansa da jikokinsa har inda zuriyar ta tsaya. Malamanmu masu kwafar littattafai da hannu sun san bambancin gyara harafi a kwafin almajiri ɗaya da gyara shi a uwar littafin da kowa zai kwafa daga gare ta, domin kuskuren na biyu yakan yaɗu a garuruwa, ya daɗe bayan an manta da wanda ya yi shi. A watan Nuwamba na 2018 wani masani ɗan ƙasar Sin mai suna He Jiankui ya ba duniya mamaki da sanarwar cewa an haifi 'yan biyu mata waɗanda ya sauya musu wata ƙwayar gado domin, a cewarsa, kada ƙanjamau ya kama su, alhali akwai sanannun hanyoyin kare jarirai daga wannan cuta ba tare da taɓa halittarsu ba, kuma bayanan da suka fito sun nuna sauyin bai zo daidai yadda ya nufa ba. Masana na gabas da yamma suka yi masa ca, kotu a Shenzhen ta ɗaure shi shekara uku a ƙarshen 2019, ya gama ya fito, amma yaran nan za su ɗauki abin da aka yi musu har ƙarshen rayuwarsu ba tare da an taɓa neman yardarsu ba.

Ita kanta sikila tana ɗauke da darasin da ya isa ya koya wa ɗan Adam tawali'u a gaban hikimar Mahalicci. A 1954 wani likita mai suna Anthony Allison, bayan bincikensa a Gabashin Afirka, ya nuna cewa masu AS sun fi sauran mutane tsira daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, wanda shi ne sirrin yawan wannan gado a ƙasashen da sauro ya addaba. Ashe abin da yake azaba idan ya haɗu biyu, garkuwa ne idan ya zo shi kaɗai. Wanda ya ce zai share shi baki ɗaya daga zuriyar mutane a ƙasar da zazzaɓi yake kashe yara kowace damina, ya yi shishigi cikin mizanin da bai gama sanin ma'auninsa ba. Suratun Nisa'i ta ba mu labarin cewa umurtar mutane da canza halittar Allah yana cikin alkawuran da Shaiɗan ya ɗauka, malamai kuma sun bambance tsakanin mayar da halitta bisa asalinta ta hanyar magani da sauya ta domin bin son zuciya, kuma a kan wannan bambanci ne Majalisar Makka ta gina matsayinta a 1998, inda ta halatta wannan ilmi domin rigakafi da magani, ta hana amfani da shi da da'awar kyautata irin ɗan Adam.

Wannan da'awa ta kyautata iri tana da tarihi mai muni wanda bai kamata mu manta ba. Wani Bature mai suna Francis Galton ne ya raɗa mata suna a 1883, ba da daɗewa ba ta zama doka a jihohi da yawa na Amurka, inda aka kashe wa mutane fiye da 60,000 ƙwayar haihuwa bisa tilas, sa'an nan Jamus ta zamanin Hitila ta kafa tata dokar a 1933 ta yi wa wajen mutum 400,000. Waɗanda abin ya faɗa wa su ne naƙasassu da matalauta da waɗanda aka raina launinsu. Mu ma muna da namu tabon: a lokacin annobar sanƙarau ta 1996 kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano, gwajin da ya shafi yara wajen 200, 11 daga cikinsu suka rasu, aka shafe shekaru ana shari'a a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, har aka yi sulhu a 2009, kuma zargin da wannan ya shuka yana cikin abin da ya taimaka wajen ƙin rigakafin shan inna a 2003. Ƙasa mai yawan masu ciwo, mai yawan talauci, mai raunin sa ido, ita ce wadda masu neman wurin gwada abin da aka hana su a gida za su fara hanga. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana sarrafa ƙwayoyin gadon maniyyi da ƙwai da 'yan tayi a sashenta na 50, amma sashen gajere ne, bai yi tafsili a kan zaɓe ba, kuma dokar da jama'a ba su san da ita ba ba ta iya tsare su.

Saboda haka, Allah ya ba ka nasara, ga abin da nake roƙo. A kira majalisa ta musamman wadda za ta haɗa fuƙaha'unmu na kowane ɓangare da likitocin jini da na haihuwa daga asibitocin koyarwa na Sakkwato da Kano da Zariya da Maiduguri, su zauna zama mai tsawo, likita ya yi wa malami bayanin haƙiƙanin aikin kafin malami ya yi hukunci, tun da hukunci a kan abu reshe ne na fahimtarsa. A sa masu sikila da iyayensu mata a cikin zaman, domin su ne suka san nauyin abin da ake magana a kai. A fitar da matsaya bayyananniya wadda za ta ƙarfafa gwajin jini tun ƙuruciya, ta fayyace sharuɗɗan zaɓen ɗan tayi domin cuta mai tsanani, ta haramta zaɓen jinsi da launi da siffa domin sha'awa, ta kuma rufe ƙofar sauya gadon da yake wucewa ga zuriya, a rubuta ta da Hausa da Fulatanci da Barbarci, da boko da ajami, yadda limamin ƙauye zai iya karanta ta a huɗubarsa. A kai maganar Majalisar Tuntuɓar Juna ta Addinai, wadda kake ɗaya daga cikin shugabanninta, domin 'yan'uwanmu Kirista suna ɗauke da wannan gado kamar yadda muke ɗauke da shi, kuma murya ɗaya ta fi saurin isa Majalisar Tarayya.

Roƙona na ƙarshe ya shafi yaran da suka riga suka zo duniya. Abubuwan da suke tsawaita ransu sanannu ne kuma ba su fi ƙarfin hukuma ba: a gwada jariri tun yana goyo, a kare shi daga zazzaɓi da gidan sauro da magani, a yi masa alluran rigakafi, a samar da maganin haidiroksiyuriya mai rage yawan tashin ciwon, a tanadi jini mai tsafta a asibitocin karkara. An ma yi dashen ɓargo cikin nasara a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin tun 2011, wanda ya nuna likitocinmu suna iyawa idan an tallafa musu. Idan Sarki ya kira gwamnoni da attajirai ya ce a ware wa wannan kaso daga kasafi da zakka da waƙafi, za a ji, kuma duk matsayar da malamai suka fitar a kan waɗanda ba a haifa ba za ta fi samun karɓuwa idan jama'a suka ga an fara da jinƙan waɗanda suke kwance a gadon asibiti a yau.

Allah ya taimaki Sarki, ya yi masa jagora zuwa ga abin da zai amfani talakawansa, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa 'ya'yanmu maza da mata su zama sanyin idanunmu. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Daga ɗaya daga cikin talakawanka mai biyayya.